Zanen Wuta a Kan Itace: Nazarin Alluna Biyu Daga Wudil

1. Mafarin magana

Cikin watan Sha'aban na bara aka gayyace ni walimar saukar karatu a wani gida a Wudil. Yara biyu ne suka sauke, 'ya'yan wa da ƙane, makarantarsu ɗaya, malaminsu ɗaya. Uban na farko ya bi al'ada, ya kai allo wurin mai zayyana aka yi masa da tawada da alƙalami. Uban na biyu kuwa, da ya ke ma'aikaci ne mai yawan shiga birni, sai ya aika Kano aka zano masa allo da na'urar nan da a ke kira leza. Da aka fito da allunan, jama'a suka yi caa a kan na biyun, kowa na shafawa yana yaba kyansa, har da ni. Amma da aka zo karatu, yaron ya ɗauki allonsa ya biya Fatiha, sai na lura akwai wurin da abin da bakinsa ke faɗi dabam, abin da ke kan allon dabam. Malaminsu ma ya lura. Ya yi murmushi, bai ce kome ba.

Wannan murmushi shi ya sa na rubuta takardar nan. Nufina in auna aikin leza a kan itace da ma'aunin da mu ke auna sauran sana'o'inmu na ado, mu ga inda ya cika da inda ya gaza. Zan faɗi ra'ayina tun da wuri, don mai karatu ya san inda na dosa. Mai sarrafa na'urar nan mai sana'a ne na gaskiya, kuma aikinsa yana da dangi a cikin sana'o'in Hausa. Abin da ya rasa shi ne mai zane, watau wanda ya san rubutun ƙasar nan da adonta, wanda zai ba shi abin da zai ƙona a kan itacen.

2. Na'urar da aikinta

Kalmar leza ba ta da saiwa ko a Turanci. Haruffan farko ne na waɗansu kalmomi biyar aka harhaɗa suka zama suna. Wani masani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara ƙera ta cikin 1960. Cikin 1964 kuma Kumar Patel, haifaffen Indiya, da ke aiki a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka, ya ƙera wata iri mai aiki da iskar kabon, irin wadda mu ke fitarwa in mun yi numfashi. Jikokin wannan ta biyun su ne yawancin na'urorin da ke zane a kan itace da fata a garuruwanmu, akasarinsu ƙirar ƙasar Sin.

Yadda ta ke aiki ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa ganin yara na ƙona takarda da gilashi a tsakar rana. Akwai wani dogon bututu na gilashi cike da iska. In wutar lantarki ta ratsa shi sai ya fitar da wani siririn haske wanda ido ba ya gani. Madubai su karkato hasken, su kai shi kan wani ɗan gilashi mai tattara shi wuri ɗaya kamar tsinin allura. Duk inda wannan tsini ya sauka a kan itace, wurin ya ƙone, ya tashi hayaƙi, ya bar gurbi mai duhu. Kan na'urar yana kai da komowa kamar ƙoshiyar masaƙi, layi bayan layi, yana bin siffar da aka shirya masa a kwamfuta. Ruwa na zagaya bututun don kada ya yi zafi ya fashe, fanka kuma na janye hayaƙi.

Waɗansu na cewa wannan ba sana'a ba ce, danna maɓalli ne kawai. Ban yarda da su ba. Abu uku mai aikin ke juyawa: ƙarfin hasken, da saurin tafiyarsa, da tazarar da ke tsakanin gilashi da itace. In ƙarfi ya yi yawa, gefen harafi ya babbake ya yi toka. In sauri ya yi yawa, zane ya fito fari-fari kamar tawadar da aka cika wa ruwa. Kuma kowane itace da halinsa: mai tauri ba ya shan wuta kamar mai laushi, mai ƙaro kuma ya kan yi dabbare-dabbare. Sanin wannan sai da gwaji da asarar katako, kamar yadda masassaƙi ba ya sanin bambancin ƙirya da aduwa sai gizagonsa ya sha dakushewa.

Kasuwar aikin ma tana nan. Wudil, mai nisan wajen kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri, an san ta da kasuwar shanu ta ran Juma'a, da tukwane, da ɗinkin manyan riguna. Amma kuma garin makarantu ce. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha ta fara aiki a can cikin 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote cikin 2022, ga kuma makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda. Inda makarantu suka yi yawa, bikin yaye ɗalibai da na sallamar ma'aikata ba ya yankewa, kowane biki kuwa da allon karramawa. Daga nan aikin ya tsallaka zuwa allunan ayoyi na ratayawa a ɗaki, har ya kai ga allon sauka.

3. Sunan sana'ar

Da ya ke harshe ne fannina, bari in tsaya kaɗan a kan suna, gama sunan abu ya kan nuna danginsa. Na ji masu cewa sassaƙa. Wannan bai dace ba, don sassaƙa rage itace ne da kaifi har siffa ta fito, kamar turmi da akushi da kujerar mata. Na ji masu cewa bugu, sabo da suna ganin kamarsa da aikin maɗaba'a, amma bugu ɗora tawada ne a kan abu, nan kuwa ba a ɗora kome. Zayyana, wadda muka aro daga Larabci, ma'anarta ƙawatawa, kuma a bakin Bahaushe ta riga ta zama sunan adon allo da na Alƙur'ani mai launi-launi. Akwai lalas, watau ɗora ƙarfe mai zafi a jiki don magani ko shaida. Wannan ya yi kusa, sai dai ba kalmar ado ba ce.

Dangin aikin na kusa shi ne zanen ƙwarya. Mai zanen ƙwarya ya kan sa wuƙaƙensa a garwashi, in ɗaya ta yi ja ya zaro ta ya ja layi a bayan ƙwarya, in ta huce ya mayar ya ɗauko wata. Abin da leza ke yi ke nan, sai dai wuƙarta ba ta hucewa. Sabo da haka ni a ganina a kira shi zanen wuta. In mun kira shi haka, mun sa shi cikin zuriyar da ta dace da shi, mun kuma sami ma'aunin da za mu auna shi. Ƙwarya mai kyan zane ita ce wadda zanenta ya bi siffarta, ya san inda zai cika da inda zai bar fili, kuma mai gani ya iya cewa daga ƙasa kaza ta fito.

4. Alluna biyu

To, mu koma kan allunan Wudil. Na farko na aduwa ne, kamar yadda aka saba, an naɗe mariƙinsa da jar fata. Mai zayyanar ya ja iyaka mai layi biyu, ya cika tsakaninsu da sarƙa ja da rawaya. A tsakiya Fatiha, a ɗaya gefen kuma farkon Baƙara, waɗanda mai sauka ke biyawa ran walima. Rubutun irin namu ne mai kauri, wanda ya samo asali daga na Magariba: fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Ba zan ce aikin ba shi da aibu ba. Sarƙar hagu ta fi ta dama faɗi, layi na ƙarshe kuma an matse shi don fili ya ƙare. Amma kowane harafi ya zauna daram, baƙin ya cika ido, mai karatu na iya biya shi daga nesa.

Na biyu siffar allo gare shi, amma jikinsa filawud ne, an shafe shi da man ƙyalli. Layukansa sun miƙe sambal, kusurwoyinsa huɗu ba wadda ta saɓa wa 'yar'uwarta ko da ƙwayar gero. An rubuta sunan yaron da shekarar sauka a ƙasa, abin da na ga ya dace ƙwarai. Ta wajen tsabtar aiki ya fi na farko nesa ba kusa ba. Duk da haka na same shi da rauni uku.

Na ɗaya, ruwaya. Tsangayun ƙasar Hausa da Barno tun da daɗewa da ruwayar Warshu su ke karatu. Abin da ke cikin kwamfuta kuwa yawanci ruwayar Hafsu ce, wadda ta bazu a duniya musamman bayan bugun Alƙahira na 1924, da rubutun Gabas siriri. Dukansu ingantattu ne, ba mai gardama. Islamiyyu da yawa ma da Hafsu su ke koyarwa, kuma ga ɗalibinsu allon nan daidai ne. Amma wannan yaro a tsangaya ya yi karatu. A cikin Fatiha akwai kalmar da Hafsu ke ja wa wasali, Warshu ba ya ja, nan ne bakin yaron da allonsa suka rabu. Ashe an ba shi shaidar karatun da ba shi ya yi ba. Wanda ya zana bai yi da gangan ba, abin da ya tarar a intanet ya kwafa.

Na biyu, launi. A rubutunmu na hannu launi aiki ya ke yi. Baƙi na jikin harafi ne, ja na wasali, rawaya na hamza, kore kuma ya kan nuna alifin da a ke sadarwa. Yaro tun yana babbaƙu da farfaru idonsa ya saba da rabe harafi da wasalinsa. Leza launinta ɗaya ne, na ƙuna. Ta iya ƙara masa duhu ko ta rage, amma ba ta iya mai da shi ja. Sabo da haka duk abin da tawada huɗu ke rabewa ya taru ya zama abu ɗaya. Wannan iyakar na'urar ce, kuma mai hikima sai ya san iyakar kayan aikinsa: ya ƙona jikin haruffa da iyakoki, ya bar wa alƙalami wasula da cikon ado.

Na uku, ado. Furannin da ke kewaye da rubutun masu lanƙwashe-lanƙwashe ne irin na littattafan Turkiyya da Farisa. Suna da kyau a inda aka haife su, a kan takarda mai santsi da ruwan zinariya. A kan katako, da aka ƙanƙanta su, sun cakuɗe sun zama kamar saƙar gizo-gizo, sun kuma cinye filin da ya kamata a bar wa rubutu ya sarara. Adonmu na zayyana da na bango da na riga ya fi son layi mai kauri, da da'ira, da murabba'i, da dagi mai sarƙewa. Abin mamaki, irin wannan ado shi ya fi dacewa da wuta, gama wuta ta fi fito da abu mai kauri. Mai aikin ya bar abin da na'urarsa ta fi iyawa, ya ɗauko wanda ke ba ta wahala.

Akwai wata suka da na ji a wurin walimar wadda ban karɓa ba. Wani dattijo ya ce allon da ba a wankewa ba allo ba ne. Gaskiya ne rayuwar allon karatu rubutu ne da wanki, har wankin ma a kan sha. Amma allon zayyana dama ba a wanke shi, adana shi a ke yi. Ta nan leza ba ta saɓa wa al'ada ba. Inda maganar dattijon ke da ƙarfi shi ne wajen kuskure. Marubuci in ya yi tuntuɓe ya kankare ya gyara, kuskurensa kuma na allo ɗaya ne. Kuskuren leza ya shiga jikin itace, in kuma ɗari aka yi oda, sau ɗari zai fito.

5. Haruffa masu ƙugiya

Wannan ya kawo mu ga boko, inda ɓarnar ta fi yawa. Tun cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabancin ofishin talifi na Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun Hausa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara cikin 1939, ta sa idon jama'a ya saba da su. Yau kuwa sai mutum ya duba allunan karramawa goma bai ga ƙugiya ɗaya ba. Na ga wanda aka ba wani tsohon malami don hidimar da ya yi wa “kasa”. Kasa dai ko maciji ko gazawa, ba ɗaya daga ciki da a ke yi wa hidima shekara talatin da biyar. Na ga wani an rubuta “Babban Bako”, wanda aka ba kuwa ba Bako ne sunansa ba.

Dalilin a fili ya ke. Yawancin samfurorin haruffa masu ƙawa da masu aikin ke so an yi su ne don harsunan Turai. In aka buga ƙ sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta, mai aiki kuwa yana sauri, sai ya share ya sa k. Maganin ma a fili ya ke. Akwai samfurori na kyauta masu ɗauke da haruffanmu duka, irin su Gentium da Noto. In kuma lalle sai mai ƙawar a ke so, manhajar zane irin CorelDraw, wadda da ita yawancinsu ke aiki, tana ba mutum damar lanƙwasa wa harafi ƙugiya da hannunsa cikin ɗan lokaci. Takarda in ta yi kuskure ta kan yage a manta. Katako ya kan shekara talatin a bangon zaure, jikoki na koyon rubutu daga gare shi.

6. Abin da maɗaba'a ta koya mana

Ba yau ne na'ura ta fara tarar da rubutunmu ba. Sa'ad da maɗaba'a ta kafu a Arewa, masu karatun allo ba su saki jiki da haruffan ƙarfe irin na Gabas ba, don idonsu bai saba da su ba. Masu buga littattafai suka gane haka, sai suka riƙa sa gwanayen marubuta su rubuta da hannu, a ɗauki hoton shafin, a buga dubbai. Da wannan dabara aka fitar da littattafan ajami da na Larabci masu yawa a Zariya da Kano tun daga shekarun 1950, da ita kuma Alƙur'anin hannun Sharu Bala Gabari na Kano ya shiga tsangayu ko'ina. Andrea Brigaglia ya nuna cikin nazarinsa na 2011 yadda wannan bugu ya yaɗa salon rubutun Kano har ya wuce iyakar da alƙalami kaɗai zai kai shi. Watau na'ura ta zama baiwar alƙalami, alƙalami kuma ya ƙara daraja.

Leza ta fi maɗaba'a sauƙin yin haka. Duk abin da aka rubuta da baƙar tawada a farar takarda, in aka ɗauki hotonsa aka shigar a kwamfuta, za ta ƙona shi yadda ya ke, da kaurinsa da sirantarsa. Har ma akwai samfurin haruffa mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta fitar cikin 2017, an tsara shi bisa rubutun Kano. Ya fi babu, kuma ya isa ga rubuta suna da ajami. Amma ga allon sauka na fi son hannun marubuci mai rai, wanda zai dubi faɗin allon ya raba layukansa, wanda kuma ya haddace abin da ya ke rubutawa.

7. Mai zane da mai ɗinki

Mutanen Wudil ba su bukatar a koya musu wannan rabon aiki, don a ƙofar gidajensu ya ke. Babbar riga ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Akwai mai zane, wanda ke shata aska da tambari a kan yadi da alƙalami, sau da yawa malami ne ko almajiri mai kyan hannu, kamar yadda David Heathcote ya lura a nazarinsa na ɗinkin Hausa cikin shekarun 1970. Sa'an nan mai ɗinki ya bi shatin da allura. Da keken surfani ya zo, ya rage wahalar allura, amma bai kori aska daga ƙirjin riga ba, gama zanen na nan a hannun masu shi. Mai leza mai ɗinki ne. Abin da ya faru shi ne ya buɗe rumfa ba tare da mai zane ba, ya mai da intanet mai zanensa.

Sabo da haka ga abin da na ke roƙon 'yan'uwana malaman kwalejojin horon malamai, da ya ke ɗalibanmu su ne masu yin odar allunan nan gobe, waɗansunsu ma su ne masu zana su. Da fari, kada makaranta ta karɓi allo mai Hausa sai malamin Hausa ya duba rubutun kafin a ƙona, allon aya kuma sai alaramma ya duba, an kuma tambayi ruwayar mai shi. Na biyu, a sa ɗaliban sashen Hausa da na zane su tattara adon ƙwarya da na zayyana da na riga daga garuruwansu, da sunan kowane, a shirya su yadda na'ura za ta iya karɓa. Na uku, in aka ɗauki hannun marubuci, a biya shi gwargwadon yawan allunan da aka fitar, a kuma sa sunansa a bayan allon. In ba a yi haka ba, an tatsi saniya an hana ta dusa, ba kuwa za a sami mai gadon alƙalamin ba.

Da za a ba ni zaɓi tsakanin allunan nan biyu, na farko zan ɗauka, da karkatacciyar sarƙarsa, don shi ne ya faɗi gaskiyar karatun mai shi. Amma allon da na fi so in gani ba a kawo shi walimar ba: na aduwa, rubutun alaramman garin, wuta ta ƙona baƙin, alƙalami ya sa jan. Kayan yin sa duk suna nan tsakanin Wudil da Kano, saura a haɗa masu su wuri ɗaya. Allah ya sa mu dace.